Da Hausa, yaya za mu ce “layisite”?

Mushe Illa:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Jiya bayan la'asar muna fada a nan Tawa, shayi na biyu na bisa wuta, wani tsohon ɗalibina ya jefo mini tambaya: “Mushe, tunda an ce Hausa ce harshen ƙasa, in an tashi rubuta layisite da Hausa me za a sa?” Ban kai ga buɗe baki ba wani ya riga ni: “Ƙasar da babu ruwanta da addini.” Sai wurin ya ɗauki a'uzubillahi, magana ta mutu a nan. Ni kuwa da ita na kwana.

Layisite kalmar Faransanci ce a kan dangantakar hukuma da addini, kuma wannan fassarar ce ta daɗe tana raba kanmu. Wane ɗan Adar za ka gaya wa ƙasarsa babu ruwanta da addini ya tsaya sauraronka? Ni ma ba zan tsaya ba. Amma ba haka aka rubuta ba. Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ayar doka ta 3 cewa ta yi a raba hukuma da addini. Ta 8 ta ce ƙasa tana girmama kowace aƙida, tana kuma ba ta kariya, amma babu addinin da zai karɓe mulki ko ya tsoma baki cikin sha'anin gwamnati. Kuma a cikin kundin nan aka ce shugaban ƙasa ya dafa littafi mai tsarki na addininsa ya yi rantsuwa. Wanda babu ruwansa da addini ba ya sa a dafa Alƙur'ani.

Ni yadda na ɗauke ta, hukuma mai awo ce a kasuwar hatsi. Mai awo yana da addininsa, in an kira salla ya rufe buhu ya tafi. Amma tiyar da ya auna wa liman da ita, da ita zai auna wa mai zuwa coci ran Lahadi. Ran da ya ajiye tiya biyu ya zama ɓarawo, ko da goshinsa ya yi baƙi don sujada. To duk ranar da aka zauna rubuta sabon kundi, me kuke so a sa a wannan gurbi? Ina neman ra'ayinku cikin mutunci.

Malam Sanusi:
Wa alaikumus salam Mushe, Allah ya ƙara girma. Misalinka ya yi kyau, amma ina da ja. Adalci ga wanda ba Musulmi ba ai ba sai mun aro shi daga Faransa ba, addininmu ya wajabta mana shi tun kafin a san da Faransa. Ita wannan kalma rigimar gidansu ce. Sun yi ta fama da cocin Katolika a kan makarantu da dukiya da mulki, har suka yi dokar rabuwa a 1905. Mu ba mu da Fafaroma, ba mu yi wannan faɗan ba, me ya sa za mu sha maganin ciwon da ba namu ba?

Kuma dubi abin da su masu kalmar suke yi da ita. A 2004 suka hana ƴan mata sa hijabi a makarantun gwamnati, a 2023 suka bi abaya ita ma. In wannan ce tiya ɗaya, to gindinta a lotse yake.

Ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne. Duk da haka ranar hutunmu Asabar da Lahadi, kamar yadda nasara ya bar mana. Ni abin da nake so a rubuta a fili: Musulunci ne addinin ƙasa, kuma haƙƙin waɗanda ba Musulmi ba amana ce a wuyan hukuma. Muritaniya ta rubuta, Maroko ta rubuta, sama ba ta faɗo ba.

Abdul-Razak (Yamai):
Malam, da izininka in sa baki, tunda abin da muke karantawa ke nan a jami'a. Kundin 1960 ya ambaci kalmar layisite ƙarara. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙungiyoyin addinin Musulunci suka tashi tsaye a kanta, har aka cire ta aka nemi wata lafazin. Wato iyayenmu sun riga sun yi wannan gardamar, kuma sun ƙi kwafar ta Faransa.

Sannan mu duba aiki, ba takarda ba. Gwamnati tana da hukumar shirya aikin hajji da umara, COHO. Tana da makarantun faranko-arab nata na kanta, ita ke biyan malamansu albashi. Madarasar Sayi tun 1957 take. Karamar Salla, Layya, Mauludi, duk hutu ne. Ran Juma'a ma'aikata da rana tsaka suke tashi. In maganar aure ce ko saki ko gado, alƙali da al'adar masu shari'ar yake hukunci, da masana al'ada zaune gefensa, kuma kowa ya san al'adar galibinmu a nan fiƙihun Malikiyya ce. A ɗaya gefen bukukuwan Kirista, Nowel da Litinin ɗin Paki, su ma hutu ne. To Malam, wane abu ne Musulmi ya rasa a yau wanda wannan jimla za ta ba shi?

Malam Sanusi:
Ɗana, ka ƙarfafa mini hujja ne. In duk haka ake yi, kunyar me ake ji a rubuta? Mutum yana cin tuwon gidansu kullum, amma ya ƙi amsa sunan gidan?

Alhaji Mamman mai goro:
Malam Sanusi, ni ban yi lakwal ba, yarona ke rubuta min abin da nike hwaɗi. Tambaya ɗaya gare ni. In anka rubuta Musulunci addinin gwamnati, wane za a ɗauka? Na zawiyarmu ko na masallacin da ke bayan gidana?

Don ni na ga abu da idona. Shekarun baya a unguwarmu anka yi rikici kan limanci, masu ƙabalu da masu sadalu. Mutanen da sunka tashi tare, sunka yi kiwo tare, sai ga su da sanduna a ƙohwar masallaci bayan sallar asuba. Sai da hukuma ta zo ta sa kwaɗo ta kulle ɗakin Allah, munka yi makonni muna salla a waje bisa tabarmi. Abin da ya sa kowa ya yarda da sulhun da anka yi daga baya, wanda ya zo rabon bai ce shi na wane ɓangare ne ba. Da gwamnati tana da ɗariƙarta, ko tana da Izalarta, wallahi da ba sulhu za a yi ba, kora za a yi.

Ko ganin wata. Sau nawa a gida ɗaya wani ya sha ruwa wani na azumi? Yanzu gardama ce ta baki. Ran da ta zama dokar ƙasa, jandarma ne zai zo ya buɗe maka baki.

Hajiya Zeinabu:
Alhaji ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Allah ya saka.

Mushe Illa:
Alhaji, abin da ka faɗa mun rayu cikinsa. Zamanin Seyni Kountché, a 1974, aka kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa, kuma ita kaɗai ce hukuma ta sani. Wa'azi sai da yardarta. Malam Sanusi, ka san dattawan da suka sha tambayoyi a lokacin saboda karatun da suke bayarwa a zaurensu. Ƙungiyoyin da muke gani yau birjik, sai bayan 1991 suka samu sararin numfashi. Mutane suna ɗauka raba hukuma da addini kare gwamnati ne daga malamai. Ni a abin da na gani, ya fi kare malamai daga gwamnati. Ko a 2019 da majalisa ta kawo dokar tsara ayyukan ibada, su wa suka fi kowa ɗaga murya cewa hukuma na son sa hannu cikin masallaci? Malamai ne. To ba zai yiwu ran Litinin mu ce gwamnati ta fita daga masallaci, ran Talata mu ce ta zo ta zama limamiya ba.

Abu Sumayya:
Duk wannan zancen ƴan boko ne. Hukunci na Allah ne shi kaɗai. Wanda bai yarda ba ya san inda dare ya yi masa.

Mai kula da zaure:
Abu Sumayya, faɗi hujjarka, amma ban da barazana. Akwai iyayenka a zauren nan, kuma akwai ƴan'uwanmu Kirista. Gargaɗi na farko ke nan.

Maman Dauda:
Salama gare ku duka. Tun safe nake karantawa ina shiru, don irin wannan magana in ta tashi mu mukan ja baya. Amma tunda a kanmu ake yi, bari in ce wani abu.

Ni Kirista ce, ƴar Galmi. Kakana ya karɓi wannan addini a lokacin da ƴan mishan suka buɗe asibiti can a 1950, kuma kafin nan ma gonarmu tana nan inda take. Amma har gobe in na faɗi sunana a wani wuri sai a ce, “Ke ƴar Togo ce ko ƴar Benin?” Da Hausar Adar a bakina.

Ran Asabar 17 ga Janairu 2015 ina Yamai, na kai ɗana ganin likitan ido, mun sauka gidan ƙanwata. Da hantsi muka fara ganin hayaƙi ta ko'ina. Cocinsu yana bayan layi, muna jin ƙarar kwanon rufi yana faɗuwa. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa Bazabarma, ta leƙo ta kan katanga ta ce mu tsallako. Ta sa mu a ɗakinta, ta ciro hijabai biyu cikin akwati ta ce mu sa, ta ɗauki Dauda ta zaunar cikin jikokinta ta miƙa masa allo. Mijinta ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna da tasbaha, duk wanda ya zo tambaya sai ya ce iyalinsa ne kawai a ciki. Kwana biyu muka yi a ɗakin nan. Hijabin yana wurina har yau, ta ƙi karɓa.

Daga baya aka ce coci 45 aka ƙona a Yamai, mutum goma suka rasu tsakanin Yamai da Damagaram. Saboda zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu da wasu suka yi a Paris, wanda mu ma ya ɓata mana rai, kuma ba mu san masu shi ba.

Malam Sanusi, na yarda da kai cewa addininka ya hore ka da adalci, don na gan shi a jikin tsohuwar nan. Amma ranar na gane cewa raina ya rataya ne a kan halin maƙwabci. Da wata katangar muka tsallaka fa? Shi ya sa kalmar “amana” take ba ni tsoro. Amana ana ba wa baƙo ne, ko maraya. Ni ba baƙuwa ba ce. Ina biyan lanho kamar kowa, ƙanena yana cikin soja. So nake in shiga biro a dube ni a matsayin ƴar ƙasa, ba wadda aka yi wa alfarma ba.

Hajiya Zeinabu:
Innalillahi. Maman Dauda, wallahi sai da na ajiye salula na share hawaye. Allah ya saka wa tsohuwar nan da Aljanna.

Malam Sanusi:
Ƴar'uwa, abin da aka yi muku zalunci ne, ba ni da wata kalma. Na faɗa a kan mumbari a Juma'ar da ta biyo, wasu har suka daina gaishe ni. Amma ki lura da abu ɗaya: a ƙarƙashin wane kundi aka ƙona cocin? Wannan dai na 2010 da Mushe yake yabo, mai ayar doka ta 8. Takarda ba ta kashe wuta ba. Wanda ya tsare ki tsoron Allah ne ya sa shi zama a ƙofa. To ni cewa nake a gina ƙasa a kan abin da ya zaunar da dattijon nan.

Abdul-Razak (Yamai):
Malam, waɗanda suka riƙo galan ɗin esansi su ma da kabbara suka zo. Kowa cikinsu yana ganin shi ne mai tsoron Allah. Doka ba ta hana laifi aukuwa, amma ita ke faɗin wane ne mai laifi bayan ya auku. A kundin da ya ce ƴan ƙasa duka ɗaya ne, mai ƙona coci ɗan ta'adda ne, babu wani bayani. In aka ce ƙasa ta wani addini ce, sai ya samu bakin cewa kishi ne ya ɗebe shi.

Kuma ba mu kaɗai muke wannan muhawara ba. Mali ta yi ƙuri'ar raba gardama a Yuni 2023, limamai da yawa sun nemi a cire kalmar, aka bar ta. Senegal Musulmi ne mafi rinjaye, amma Senghor, ɗan Katolika, ya mulke ta daga 1960 zuwa 1980, da goyon bayan manyan shehunan ɗariƙa. Yahya Jammeh ya wayi gari a 2015 ya ce Gambiya ta zama jamhuriyar Musulunci, wanda ya gaje shi ya soke a 2017.

Malam Sanusi:
Ka manta da maƙwabta na kusa. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a tun 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi, alhali kundin Najeriya ya hana gwamnati ɗaukar addini. Sun samu hanya.

Alhaji Mamman mai goro:
Malam, ni nike bin hanyar Illela da Sakkwato da kaya. Ba ni son in yi dogon zance kan ƙasar mutane. Amma talakan can bai hi namu kwanciyar hankali ba.

Hajiya Zeinabu:
Ni bari in kawo nawa, don kada a ɗauka Kirista kaɗai ake tauyewa. Shekarun baya na je yin wata takarda, wani ma'aikaci ya ce ba zai karɓi hotona ba sai na cire kallabi gaba ɗaya, wai ƙasar layik ce. Fuskata a buɗe, kunnuwana a waje, me ya rage? Ga maza cike da wuri. Na koma gida ban yi takardar ba, sai bayan wata biyu da na tarar da wata mata a teburin ta karɓa ba ta ce komai ba. Irin waɗannan ne suka sa mutane suka tsani kalmar. Shi a kansa layisite ita ce ya nuna ya fi ka wayewa.

Amma kuma ni a makarantar ƴan mishan na yi firamare. Shekara shida, babu wanda ya ce in bar sallata, in azumi ya zo ma sista ce ke cewa mu zauna a inuwa. To na san ana iya zama wuri ɗaya kowa da nasa. Abin da nake so a wurin hukuma kaɗan ne: kada ta cire min kallabi, kada ta ɗora wa Maman Dauda.

Ɗan Ƙonni:
Kun yi ta Musulmi da Kirista, kun bar mutanen da sunka riga su duka zama a ƙasar nan. Kakata ta wajen uwa ƴar Masallata ce, Azna ce, mai bin addinin gargajiya, har ta koma ga Mahaliccinta. Kowace shekara in lokacin buɗin daji ya yi, manya ke zuwa da motoci su ji abin da shekara za ta kawo, har da masu carbi. Amma in anka koma gari sai a hau rediyo ana ce musu arna, matsafa. Ba su da ranar hutu, ba a kiransu in ana taron malaman addini, kuma da ƙidaya ta zo da yawansu cewa sunka yi su Musulmi ne don kunya. Ni Musulmi ne, ina salla, ban bin abin da take bi. Amma tsohuwar nan ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma da hatsinta anka yi min suna. In za a yi tiya ɗaya, a auna da su. Haka mutanen Lugu can wajen Dogon Dutsi.

Abu Sumayya:
Yanzu har shirka za a ba wa haƙƙi?

Malam Sanusi:
Abu Sumayya, dakata. Kiran mutum zuwa ga tauhidi aikina ne da naka, da baki da kyakkyawan hali. Ba aikin kwamisariya ba ne. Babu tilastawa a addini, wannan nassi ne, ba ra'ayin Mushe Illa ba. Ɗan Ƙonni, Allah ya sa mu cika da imani.

Mushe Illa:
Malam, ka ga abin da ka faɗa yanzu shi nake nema a rubuta: wa'azi naka, kwamisariya ta kowa. Ga yadda na juya ta a daren jiya, ku gyara min: “Hukuma ba ta fifita wani ɗan ƙasa a kan wani saboda addininsa, ba ta tilasta wa kowa addini, ba ta hana kowa nasa.” Babu layisite a ciki, babu “babu ruwanta”. Kowace tsohuwa a Bambai ko Kalfu za ta gane ta in aka karanta mata a rediyo.

Malam Sanusi:
Jimlar ba ni da ja a kanta, zan sa hannu. Amma ina nan a kan bakana: a gabanta a rubuta cewa Nijar ƙasar Musulmi ce. Gaskiya ce, kuma ƴaƴanmu su tashi su gan ta.

Abdul-Razak (Yamai):
“Ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne” daban, “addinin gwamnati” daban, Malam. Ta farko ƙidaya ce. Ta biyu alƙali zai yi hukunci da ita.

Malam Sanusi:
Na ji bambancin. Ba ni lokaci in yi nazari, ba na son in amsa da ka.

Maman Dauda:
Mushe, jimlarka ta yi min. Amma ni inda zan gane ta ba a kundi ba ne. Muna da fili da muka saya da kuɗin baikonmu, jikka-jikka muka tara, don ɗakin da muke sujada a ciki haya ne kuma ya yi mana kaɗan, yara a waje suke zama cikin rana. Takardun neman izinin gini shekara huɗu ke nan suna wani biro. Duk zuwa sai a ce mai sa hannu ya yi tafiya, ko a ce a bari ƙura ta lafa, alhali ba mu ga ƙurar ba. Ba a ce mana a'a ba, ba a ce mana i ba. A tsakanin nan masallatai uku aka gina a layin, kuma na yi murna da su, har ruwa muka ba magina daga pamponmu.

Alhaji Mamman mai goro:
Shekara huɗu? Subhanallahi. Wannan ba daidai ba ne ko a wane littahi.

Malam Sanusi:
Ƴar'uwa, kina da rasit ɗin ajiye takardun? In akwai, ki ba Mushe Illa kofi. Ran Litinin ba ni da darasi sai ƙarfe 11. Mushe, in ka yarda mu je tare da kai da faston nasu, mu ji daga bakin mai biron abin da ya tsare takardar. Alhaji, kai ma in kana gari, zuwanka zai yi amfani, sun san ka.

Alhaji Mamman mai goro:
Ina gari. Ku biyo ta shago ku ɗauke ni.

Maman Dauda:
Rasit yana wurin ma'ajinmu, yana Malbaza wurin aiki, sai Asabar yake dawowa. Zan karɓa in kawo wa Mushe ran Lahadi bayan mun taso daga sujada. Mushe, gidan nan ne dai mai bishiyar dogon yaro a ƙofa?

Mushe Illa:
Shi ne. In ba ki tarar da ni ba, ki ba uwar gida.